Lamba Ɗaya a Layin Jira

Shekarar da 'yata ta cika biyar muna zaune a cikin birnin Washington, gefen arewa maso gabas, a hawa na uku na wani bene mai ɗaki biyu da falo. Abin da muke biya na haya zai kama mana gida sukutum da filinsa a jihar Maryland da ke maƙwabtaka da birnin, inda yawancin mutanenmu suke, kuma maigidana ya sha faɗa mini haka. Ni na ƙi, kuma saboda makaranta na ƙi. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, a bakin abokan aiki na fara jin labarin makarantun da ake kira cata.

Makarantun gwamnati ne, ba a biyan ko sisi, amma ba hukumar makarantun birni ke tafiyar da su ba. Wata ƙungiya ce ke karɓar izini ta buɗe makaranta, ta ɗauki malamanta, ta tsara karatunta yadda take so. Makarantar unguwa dole ta karɓi ɗanka tunda a unguwar kake. Cata ba ruwanta da unguwa. Za ka cike takarda a waya, ka jera makarantun da kake so, sai kwamfuta ta yi ƙuri'a. Wanda ya ci ya samu kujera, wanda bai ci ba a ba shi lamba a layin jira. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi, sai mazaunin birnin. Idan gidanka ya tsallaka iyaka ya faɗa Maryland, ko da taku goma ne, ba ka ciki.

Wadda na ƙwallafa wa rai tana kan hanyata ta zuwa tashar jirgin ƙasa. Tsohon sito ne aka gyara, aka sa masa manyan tagogi. Yaran suna sa riga ruwan ɗorawa da wando ko siket shuɗi, rabin yini da Turanci ake koya musu, rabi da Faransanci. Kuma idan ɗanka ɗaya ya shiga, ƙannensa suna gaba da kowa a ƙuri'ar shekaru masu zuwa. Ina da ƙaramin ɗa a lokacin, shekararsa biyu. Kujera ɗaya a wurina kujera biyu ce.

Ina da aminiya, 'yar zangon Kumasi, ta girme ni da wajen shekara goma, Yaya nake ce mata. A wani taron suna a Beltsville muka haɗu ina da tsohon ciki, ta ji ba ni da kowa a ƙasar. Da na haifi ɗana ita ta zame mini uwa. Kullum da safe kafin ta wuce aiki sai ta biyo ta dafa ruwa ta gasa mini jiki, ta dama mini koko, ta yi wa jaririn wanka. Ba ta taɓa karɓar komai ba. Hausarta takan ba ni dariya, mace ma “ya zo” take ce mata, ita kuma ta ce mu Kanawa magana muke kamar muna karanta labarai a rediyo. Aikinta kula da tsofaffi. Shekara shida tana kula da wata tsohuwa baƙar fata, tsohuwar malamar makaranta, a wani gida da bai fi tafiyar minti goma da namu ba. Gidan Yaya kuwa yana Hyattsville, cikin Maryland, ita da mijinta direban motar kai kaya, da 'yarsu ɗaya tak da suka samu bayan sun shekara goma sha uku da aure. Wata biyu ne tsakanin 'yarta da tawa.

Ni na kawo maganar. Wata Asabar a watan Fabrairu tana falona tana yi wa 'yata kitso, ni kuma ina cike takardar ƙuri'a. Na ce ta kawo wayarta in cike wa tata.

“Ai ni ba 'yar birni ba ce, ƙanwata,” in ji ta. “Hyattsville nake.”

“Ina kike yini, Yaya?”

“Gidan tsohuwa.”

“Kwana nawa kike yi a can a mako?”

“Uku, wani lokaci huɗu in jikinta ya motsa.”

“To ai kin fi zama a birni. Ki sa adireshinta. Kowa haka yake yi.”

Ta ce tana tsoron abin da ya shafi takardun gwamnati. Na yi mata dariya. Ni na koya mata ta roƙi tsohuwar ta sa hannu a takarda cewa a gidanta suke zaune, ni na koya mata ta mayar da adireshin takardar albashinta can. Tsohuwar tana son yarinyar, ita ta fara koya mata haruffa a teburin kicin, nan da nan ta sa hannu. Da yatsana na zaɓar wa 'yar Yaya makarantar da nake so, na sa ta a farko, don na ga zai yi daɗi yaran su riƙa tafiya tare. Ban taɓa kawo wa raina cewa ɗaya za ta samu ɗaya ta rasa ba. Ko da na kawo, ban zaci tawa ce za ta rasa ba.

Ƙarshen Maris sakamako ya fito. 'Yar Yaya ta samu kujera. Tawa lamba goma sha bakwai.

Yaya ta kira ni tana kuka tana godiya, da yamma ta zo da kula cike da wake da shinkafa irin nasu, da baƙin yajinsu mai kifi. Na rungume ta, na ce Allah Ya sanya albarka. Ta ce in sha Allahu tawa ma za ta shiga, sha bakwai ba nisa. Muka ci abincin tare. Bayan ta tafi na juye ragowar a shara.

Duk lokacin zafin nan a kan lambar na ƙare. Ina idar da sallar asuba wayar nake ɗauka. A wurin aiki nakan cire safar hannu in leƙa, in mayar. Sha bakwai ta koma sha ɗaya, ta koma shida, ta daɗe a shida, ta faɗo uku. Mutane suna samun wasu makarantu suna sakin kujerunsu, wasu suna barin gari. Ranar da aka buɗe makarantu a ƙarshen Agusta muna lamba biyu. Kwana huɗu bayan haka muka zama lamba ɗaya. Daga nan ta tsaya.

Na kai 'yata makarantar unguwa. Ya kamata in faɗi gaskiya a kan wannan makaranta, don na daɗe ina yi mata ƙarya a gaban mutane. Fentinta ya tsufa, ajin ya cika, filin wasan siminti ne. Amma malamar ajin dattijuwa ce mai haƙuri, a ranar farko ta durƙusa ta sa 'yata ta maimaita mata sunanta har ta iya faɗinsa daidai. Yarinyar tana dawowa da waƙa a bakinta. Babu abin da ya same ta a can. Abin da ya same ni shi ne, kowace safiya ina riƙe da hannunta sai mun wuce ta gaban waccan makaranta, in ga tsohuwar motar Yaya a layin sauke yara da lambar Maryland a bayanta, yarinyar ta fito da rigarta ruwan ɗorawa ta ɗaga mana hannu. Ni da nake biyan hayar birni. Ni da na yi digiri biyu. Matar da ba ta iya karanta takardar da na cike mata ba, 'yarta ce ke gaishe ni da Faransanci.

Na shiga ofishin waccan makarantar ya fi sau biyar. Matar da ke teburin gaba ta gane ni, tun kafin in yi magana take girgiza kai.

“Ajin a cike yake,” ta ce mini a zuwana na ƙarshe. “Sai wani ya fita. In wani ya fita kafin hutun Disamba, ke za mu fara kira.”

A bangon bayanta akwai wata takarda da aka manna. Ta ce kujerun nan na yaran birni ne, duk wanda ya san wani da ke zaune a waje yana kawo ɗansa ya sanar, ba sai ya faɗi sunansa ba. Na karanta ta sau biyu ina jiran matar ta gama waya.

Maigidana injiniya ne, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ga yadda na koma, ya ce, “Ki bar yarinyar nan inda take. Tana jin daɗinta. In da rabo za ta shiga.” Na ce masa shi ba ya wucewa ta wurin da safe.

Babbar Sallah ta faɗo a farkon Satumba a shekarar. Ana gobe Sallah Yaya ta zo ta yi mini lalle, wani zane nata na ganye da take jerawa daga wuyan hannu zuwa ɗan yatsan tsakiya, ta ce kakarta ta koya mata. Ranar Sallah a gidanta muka yini. Bayan an ci nama yarinyar ta ja ni da 'yata zuwa ɗakinta ta nuna mana kayanta. Ƙaramin gado da bargo mai furanni, jakar makaranta a kan kujera, zanen da ta yi a aji an manna a bango da sunanta. A jikin ƙofar kwaba an rataye riguna biyar ruwan ɗorawa, a goge, kowace da alamar makarantar a ƙirji. Ta taga kuma ana hango sunan rukunin gidajen a jikin allo. Na fito da waya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa yaran na yi niyyar ɗauka. Amma na tuna sarai na ce musu su ɗan matsa gefe.

Kwana tara na yi da hoton a wayata. Ranar Talata da hutun cin abincin rana na fita na zauna a mota a wurin ajiye motocin asibiti, na buɗe shafin da ake kai rahoto. Ban yi kuka ba. Na rubuta sunan yarinyar da ajinta. Na rubuta adireshin Hyattsville har da lambar ƙofa. Na rubuta lambar motar, na haddace ta don na sha shigarta. Na rubuta ƙarfe nawa suke fitowa da safe da hanyar da suke bi. Na rubuta cewa adireshin da suka bayar na wata tsohuwa ce da uwar ke yi wa aiki. Na haɗa da hoton na tura. Na koma ciki na ci abincina, na gama aikin ranar ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

Mako uku shiru. Har na fara jin haushin cewa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Sai wata Asabar da hantsi Yaya ta buga ƙofa, ko mayafi ba ta yafa daidai ba, da ambulan a hannu. Wurina take kawo duk takardar da ta fi ƙarfinta. Na zaunar da ita na karanta mata a hankali, ina fassarawa. An samu bayani cewa yarinyar ba a birni take zaune ba. An ba ta kwanaki ta kawo hujja, za a kuma aiko wanda zai duba gidan. In ta kasa, a cire yarinyar, kuma ana iya neman ta da kuɗin watannin da aka koyar da ita.

Ta karɓi takardar ta ninke. Sannan ta ce, “Wa zai yi mini haka? Ni wa na taɓa?”

“Mutane ba su da tsoron Allah, Yaya,” na ce.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na tambaye ta ko ta taɓa yin maganar makarantar a gaban wata 'yar garinsu da suka samu saɓani a kan adashi. Ta zaro ido, ta ce ta yi. Na ce ni dai ban ce ita ce ba. Daga ranar Yaya ba ta ƙara amsa sallamar matar nan ba, har ta tare ta a harabar masallaci ta gaya mata maganganu a gaban jama'a. Matar ta rantse har da hawaye, ba wanda ya yarda da ita.

Yaya ta roƙe ni in rubuta mata amsa. Na rubuta mata layi shida marasa ƙarfi, na san ba za su tsayar da komai ba. Ta karɓa da hannu biyu.

Mai binciken ya je gidan tsohuwar da rana tsaka. Ya nemi a nuna masa inda yarinyar ke kwana, da kayanta, da buroshin haƙorinta. Babu komai sai wata 'yar katifa a naɗe da littattafai biyu. Tsohuwar kanta ya fara rikicewa a shekarar, wata rana garau, wata rana ba ta san ko wane wata ake ciki ba. Ganin baƙon namiji da takardu a falonta ya firgita ta, ta kira ɗanta da ke wata jiha tana kuka, ta ce an zo ƙwace mata gida. Ɗan ya iso bayan kwana biyu. Da ya ji uwarsa ta sa hannu a takardar da ba gaskiya ba, ya kira kamfanin da ya turo Yaya ya ce kada ta sake taka masa gida. Kamfanin ma suka sallame ta. Kayanta a baƙar leda ya ajiye mata a bakin ƙofa. Ta ce tana jin muryar tsohuwar daga ciki tana kiran sunanta, bai bari ta shiga ta yi mata sallama ba.

Wannan ban shirya shi ba. Amma da ta ba ni labari a waya, abin da ke raina shi ne ko yaushe za ta cire yarinyar.

Ranar wata Juma'a a ƙarshen Oktoba ta cire ta. Ta kai ta makarantar unguwarsu a Hyattsville, an riga an yi nisa, kowa ya kama abokansa. Ta ce mako guda yarinyar ba ta yarda a cire mata rigar ruwan ɗorawa ba, da ita take kwana, da safe sai an yi kokawa.

Talata aka kira ni. Muryar matar teburin gaba ce, tana murna kamar ita aka yi wa kyauta. Ta ce an samu gurbi, in kawo shaidar zama a birni kafin Juma'a. Takarduna sun fi wata shida a shirye cikin jaka. Kafin a tashi aiki na kai.

Na gaya wa Yaya da kaina, don kada ta ji a waje. Na sa muryar jimami na ce ban san yadda zan yi ba, abin ya yi mini nauyi, ina ganin ma in ƙi karɓa.

“Kada ki soma,” in ji ta. “Gara taki ta zauna a kai da a ba wa wanda ban sani ba. Ko ba komai wahalarmu ba ta tafi a banza ba.”

Washegari da yamma ta zo da jaka. Riguna biyar, siket uku, rigar sanyi mai alamar makarantar, duk a wanke a goge. Ta ce sai da yarinyar ta tafi makaranta ta kwashe su. Ta ce kada in ɓata kuɗi, sababbi ne, wata biyu kawai aka sa su. A cikin wuyan kowace riga ta rubuta sunan 'yarta da baƙin alƙalami, da irin rubutunta na wadda ta koya da girma. Bayan ta tafi na zauna da auduga da ruwan goge farce ina gogewa. Bai fita duka ba, sai na yanke 'yan ƙyallayen da almakashi.

'Yata ta yi kuka da na ce za ta bar malamarta. Na ce mata ta yi mini shiru, ba ta san abin da aka yi kafin ta samu wurin nan ba. Ranar farko na raka ta har aji. Kowane yaro yana da ƙugiyar rataye jaka da sunansa a sama. Tata an ɓare tsohon sunan, an bar farar takarda rabi a manne. Da ta dawo ta ce mini da Turanci, don ita Hausa ji take ba ta mayarwa, “Mama, yara sun ce kujerar ƙawata ce. Ina ta tafi? Za ta dawo?” Na ce ta koma makarantar kusa da gidansu, ta je ta wanke hannu ta ci abinci.

A Disamba aka kira Yaya ofishin ilimi don a rufe maganar. Ta roƙe ni in raka ta, na ce ba zan samu fita daga aiki ba. Da mijinta suka je. Daga ranar ta daina kirana. Na kira sau biyu ba ta ɗauka ba, ban sake ba, na ce wa kaina kunyar rashin aiki ce.

Cikin Janairu na je wani shagon kayan abincinmu a Hyattsville sayen doya da manja. Ina duƙe ina zaɓar doya na ji an tsaya a kaina. Ta rame, ta yi duhu, tana sanye da rigar masu share ofisoshi a ƙarƙashin rigar sanyi. Na miƙe na ce, “Yaya, ina wuni? Kin ɓuya.”

Ba ta amsa gaisuwar ba. A hankali ta yi magana, har sai da na matso.

“Sun nuna mana abin da aka kai musu. Akwai hoton ɗakin yarinya.”

“Hoto kuma?”

“Akwai madubi a jikin kwabar. Hannun mai ɗaukar ya fito a ciki. Fuska ba ta fito ba, hannu kawai da waya.” Ta kalli hannuna da ke riƙe da doya, ko da yake lallen ya daɗe da gogewa. “Ni na zana shi. Mutum ɗaya na yi wa a Sallar nan.”

Na ce hoton na tura wa mutane da yawa, wa ya san inda ya faɗa. Na ga ba ta yarda ba. Sai na ji zuciya ta taso mini, kamar ni aka cuta.

“Doka ce, Yaya,” na ce. “Kujerar ta 'yan birni ce. Ni nake biyan haya a can, ba ke ba. 'Yata ce ta farko a layi, hakkinta ne. Ni ban yi ƙarya a takarda ba.”

“Wa ya cike takardar?”

Na ajiye doyar.

“Da kin ce mini kina so, da na cire ta da kaina. Wallahi da na cire ta. Ba sai an kai ga tsohuwa ba.” Ta gyara ledar da ke hannunta. “Kin bar ni na zagi baiwar Allah a masallaci.”

Mai shagon ya rage sautin rediyonsa. Na ce mata nan ba wurin magana ba ne. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo ta ce, “Rigunan sun yi mata daidai?”

Na ce sun yi. Ban san me ya sa na amsa ba. Ta ce to madalla, ta fita.

Tun a mota na fara lissafin wa za ta gaya wa. Ban jira ba. Kafin in isa gida na kira mata uku daga cikin waɗanda ake jin maganarsu a taronmu. Na ce musu abin tausayi, Yaya ta yi takardun bogi an kama ta, ta rasa aiki, yanzu kanta ya ɗau zafi tana neman wanda za ta ɗora wa. Jiya wance ce, yau ni ce, gobe wa ya sani. Na ce a yi mata addu'a. Sun riga sun ga abin da ta yi a masallaci, ni kuma matar injiniya ce mai aikin asibiti, wurina suke zuwa in duba musu sakamakon gwaji. Ni suka gaskata. Da Yaya ta buɗe baki daga baya, an riga an gama da ita. Aka daina gaya mata suna da biki. Ita ma ta daina zuwa.

Mijin Yaya ya tare maigidana bayan sallar Juma'a. Da ya dawo gida ya jira yara suka shiga ɗaki, ya ce, “Ke kika kai rahoton?”

Na ce ni ce.

Yana tsaye da hularsa a hannu. Ya ce, “Matar da ta yi miki wankan jego.” Sannan ya ce in cire yarinyar daga makarantar. Na ce ba zan cire ta ba, in yana so ya je da kansa ya gaya musu dalili. Bai je ba. Ya yi wajen wata guda ba ya cin abincina sai ya ga dama, daga baya ya ci gaba da ci. Da lokacin ɗanmu ya yi, shi ya sa hannu a takardar, yaron ya shiga ba tare da ya yi layi ba.

Makarantar tana da kyau. Ina so in ce ba ta da shi, amma tana da shi. 'Yata ta gama ta tana jin Faransanci har tana hira da matan Yamai a taro suna mamaki. Ɗana yana can har yanzu. Na yi shekara biyu a kwamitin iyaye.

Yaya da mijinta sun bar Hyattsville a bazarar da ta biyo, suka koma Ohio wurin ɗan'uwansa. Tsohuwar an kai ta gidan kula da tsofaffi, ban san ƙarshenta ba. Matar da aka zarga kuwa har yau muna haɗuwa a taro, tana gaishe ni da fara'a, ta tambayi yara. Ba ta san daga bakina sunanta ya fito ba.

Bara ana saura kwana kaɗan azumi na ji wata da muka sani za ta Ohio biki. Na ja ta gefe na ce in ta ga Yaya ta ce mata ina neman afuwa, ba sai na faɗi dalili ba, ta sani. Na ba ta turmin atamfa da turare ta kai mata. Bayan mako biyu ta dawo mini da ledar yadda na ba ta, ko ɗaurin ba a kwance ba. Ta ce ta same ta lafiya, tana aiki a wani gidan tsofaffi, yarinyar ta yi tsawo har ta fi uwar. Na ce me ta ce a kan saƙon.

“Ta ce in gaya miki ta ji.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Na ce mata azumi fa ya zo, Yaya. Ta ce ta sani, ita ma za ta yi.”

Atamfar na kai wa tela ya ɗinka wa 'yata kayan Sallah.